Baba da Wasan Ƙarfe

Yau kwana uku da binne surukina, mahaifin matata, har yanzu ƙofar gidanmu a Park Hill ba ta huta ba. Ya rasu da safiyar Talata a kan kujerarsa ta bakin taga, shayinsa ko rabi bai sha ba. Likita ya ce zuciya ce da tsufa. Matan zumunta na majami'armu sun cika falo suna waƙa, takalma sun yi tsibi a bakin ƙofa. Ni da a da ba na iya ganin takalmi ya karkace ban gyara shi ba, sai ga ni ina tsallake su ina wucewa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu gaisuwar da ban san Baba ya san su ba. Wani direba ɗan Nijar, mai tuƙa ma'aikatan jakadanci a Manhattan, ya durƙusa gaban matata ya ce, "Allah shi jiƙan tsoho, shi ba ku haƙuri. Matona tana wata ƙara, garaji biyu sun ce sai an sauke inji. Tsoho ya ce in tashe ta, ya rufe ido ya saurara, ya ce, 'Wasa ne, tafi abinka.' Bon, yau shekara huɗu, ko sau guda ba ta tsaya mini ba."

Wata tela 'yar Ghana daga hawa na uku ta karɓe. "Ni ma keken ɗinkina ya yi ta kuka, na kira Baaba. Ya ce, 'Maame, yunwa ne, ba shi mai.' Shi ke nan fa." Tana faɗa ta fashe da kuka, sai da aka riƙe ta.

Kowa da abin da Baba ya saurara masa: firji, bututun ɗumama ɗaki, agogon bango. Ni dai ina gefe ina amsa "yaya haƙuri", kamar yadda ya kamaci suruki. Nawa ba ya faɗuwa a gaban matan zumunta, shi ya sa na ɗauki biro. Aurena Baba ya gyara, lokacin da saura ƙiris ya mutu, kuma ko sau ɗaya kalmar aure ba ta fito daga bakinsa ba. Da bindiga ya yi aikin, bindigar da bai taɓa ko da ɗan yatsa ba.

Baba tsohon soja ne. Yawancin aikinsa a ma'ajiyar makamai ya yi shi, shi ke karɓa, shi ke gyarawa, shi ke bayarwa. Ranar da ya yi ritaya ya wanke hannunsa da sabulu, ya yi wa Allah alkawari ba zai ƙara taɓa bindiga ba. "Na taɓa nawa, na taɓa na jikokina," haka yake cewa. Bayan rasuwar surukata, matata ta ɗauko shi ya dawo wurinmu. Bai daɗe ba ya samo wa kansa aiki: ya hau bas zuwa St. George, ya shiga feri ya haye Manhattan, ya sauka, ya sake shiga ya dawo. Masu yawon buɗe ido suna sama suna ɗaukar hoto, shi yana can ƙasa inda ake jin inji. Wai ko an rufe masa ido zai faɗi wane jirgi ya shiga. A hanyar dawowa ya biya Tompkinsville ya sayi daddawa, ya gaya wa mai shagon cewa wannan ba daddawa ba ce, mako mai zuwa ya koma ya sake saye.

Ni da shi kuwa, shekara shida a gida ɗaya, kunya ce tsakaninmu. Da safe in rusuna, "Baba, ina kwana." Ya ce, "Lafiya, Malam." Ba ma cin abinci tare, ba na zama a falo in yana nan sai da dalili. Haka aka rene mu: tsakanin mutum da surukinsa babu wasa.

Dole in faɗi halina, in ba haka ba labarin ba zai fito ba. Aikin gwajin jini nake yi a asibiti, inda abu in ya kauce kaɗan zubar da shi ake yi. Sai na kwaso aikin na kawo gida. Ba na duka, ba na zagi, ko murya ba na ɗagawa. Tambaya kawai nake yi. Me ya sa gishirin yau ya fi na jiya? Wa ya matsar da kujera? Matata nas ce a Manhattan, kullum da feri take dawowa, ni kuma na haddace jadawalin jirgi da na bas. Tana shigowa a gajiye zan ce, "Jirgi ya iso tun ɗazu, tafiyar bas kwatan awa ce. Ina sauran minti ashirin?" Allah shaida ne ba zarginta nake yi ba. Lissafin ne bai cika ba, ni kuma ba na iya barin lissafi a buɗe. Mace ce wadda in dariya ta kama ta sai ta zauna a ƙasa. Ban lura da ranar da ta daina ba.

Sai maganar bindiga ta shigo. Abokan aikina suna fita farautar barewa can arewacin jiha in ganye ya fara ja, ni kuma mahaifina mafarauci ne, ƙanshin naman daji yana cikin ƙuruciyata. Na nemi takardar izini a wurin 'yan sanda, na yi watanni ina jira, ban gaya wa kowa ba. Da ta fito na sayo bindigar farauta mai gindin katako, irin wadda kowane jan kunama harsashi ɗaya take fitarwa, ta tofar da kwanson, ta ɗauko na gaba da kanta. Gidan harsashinta biyar yake ci, iyakar abin da dokar birnin nan ta yarda.

Matata ta dubi doguwar jakar, ta dube ni. Ta ce, "A asibiti nake ganin abin da wannan ke yi wa 'ya'yan mutane. Kai da kake tuhumata a kan minti ashirin, wata nawa ka yi kana ɓoye mini wannan?"

Sai na yi fushi. Ranar Asabar da rana na ga ta ja shuɗin akwatinta zuwa ɗakin Baba, yana da nauyi har tana canja hannu. Ta bayan ƙofa na ji muryarta: "Baba, na gaji. Zan tafi wurin Yaya a Maryland." Abin da ya ce mata ban ji ba. Ta fito babu akwatin. Daga ranar magana ta ƙare tsakaninmu sai ta dole, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Na dai san akwai akwati a shirye ƙarƙashin gadon Baba, kuma kowace safiya tana iya zama ranar.

Maimakon in nemi matata, sai na koma kan bindiga. Wata rana matata tana wurin aiki na buɗe makulli na fito da bindigar zan shafa mata mai. Ina ɗagawa na ji kacal-kacal a cikinta. Sabuwar bindiga, ko harbi ɗaya ban yi da ita ba! Raina ya ɓaci, na fara neman takardar shago.

Baba yana kujerarsa, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Malam, ka cire gidan harsashi? Ka buɗe ta ka duba ciki?"

Na ce, "Babu harsashi, Baba."

"Ban tambaye ka ko akwai ba. Ka duba da idonka?"

A shekara shida wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Na cire, na buɗe, na duba. Ya ce in mayar da bakinta ƙasa in girgiza ya ji. Ya rufe ido, ya karkata kai.

"Allura ce," in ji shi. "Ɗan siririn ƙarfen da ke dukan gindin harsashi. A sake take a raminta, haka aka yi ta. Wasa ne."

Na ce, "Wasa kuma, Baba? Da bindiga?"

"Da bindiga ba a wasa. Amma ita a cikinta akwai wasa. Ba ka taɓa jin makanike ya ce sitiyari yana wasa ba? Ɗan sararin da maƙeri ke bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, shi ke nan. Da gangan ake barinsa."

Daga nan na sami wurin kai ƙara. Kusan kullum sai na kawo masa sabuwa, ina riƙe da bindigar a buɗe, shi hannuwansa a kan gwiwa. Marfin da ake ja a ɗana ta yana da tauri. Ya ce sabuwa ce, ƙarafan ba su saba da juna ba, in ba su mai da lokaci. Na je filin koyon harbi a wajen gari na dawo da ƙorafi cike da aljihu. Ga tabon ruwan zinariya a gefen da kwanso ke fita. Ya ce kwanson ne ke goga jikinsa in zai wuce, tsumma ma yana share shi. Ga bakin kwansunan duk a lotse. Ya ce da ƙarfi take tofar da su, in ta daina tofarwa sai in zo mu yi magana. Ga fenti ya goge a ciki, ƙarfe ya yi fari. Ya ce nan ne suke haɗuwa, in ban ga gogewa ba to ba su yi aiki tare ba.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne harsashin da na ɗura ban harba ba, na fito da shi na ga ɗan ɗigo a gindinsa kamar an taɓa da bakin biro. Na kawo shi gida na nuna. Baba ya sa tabarau ya leƙa daga nesa. "Allura ce ta gaishe shi. Tun da a sake take, in marfi ya rufe takan ɗan taɓa. Haka irinsu suke. Amma kada ka riƙa mayar da harsashi ɗaya kana fitarwa, kuma shi ya sa in za ka ɗura, bakinta sai inda ba kowa."

Ya kuma koya mini abin da ba wasa ba. In na ga tsaga a ƙarfe, in ajiye. In na ja sau ɗaya ta amsa sau biyu, in kai wa mai gyara. "Amma babbansu," ya ce, "in ka ja kunama ka ji ƙarar ta fito 'yar ƙarama, fut, kafaɗarka ba ta ji komai ba, ka tsaya cak. Kada ka ƙara ja. Wataƙila harsashi ya maƙale a bututu, na biyu in ya same shi fuskarka ce. Mai surutu ba ta ba ni tsoro, Malam. Wadda ta yi shiru nake tsoro." Na gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki, ban gane komai ba. A lokacin matata ta yi mako biyar ba ta ce mini abin da ya wuce "abinci yana kicin" ba.

Abu ɗaya na kasa haɗiyewa: gidan harsashi yana lilo a mazauninsa. In ka taɓa shi sai ya yi gaba ya yi baya. Baba ya ce wasa ne, na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Na yanko ɗan falle daga gwangwanin madara, na ninka shi biyu, na cusa a gefe, na danna gidan harsashin ya zauna daram. Na girgiza, ba motsi. Na ji daɗi kamar na gyara duniya.

Asabar ɗin na roƙi Baba ya raka ni fili. Ya sa hularsa ta sanyi, muka haye gada, muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare itatuwa suka fara. Ya zauna a benci bayana, abin toshe kunne a kansa. Na ja kunama, ta tashi. Na sake ja, shiru. Harsashi na biyu ya tsaya a karkace a bakin hanya. Na fitar da shi, na sake gwadawa, haka dai.

"Ajiye. Buɗe ta," in ji Baba. "Cire gidan harsashin."

Na ja, ya ƙi fita. Na ja da ƙarfi, ko gezau.

"Me ka yi mata?"

Na faɗa masa. Tsohon da ban taɓa jin muryarsa ta wuce ta gaisuwa ba ya miƙe tsaye. "Ka kashe mata wasa! Waɗanda suka ƙera ta ba su san awo ba ne, sai kai? In ta yi zafi ƙarfe ya kumbura, in ƙura ta shiga, ina kake so ta sa su?"

Ni kuma, Allah ya gafarta mini, na mayar wa surukina magana. Na ce, "Baba, abu ko dai daidai yake ko ba daidai ba."

"To ga daidai ɗinka nan, ya hana ta aiki! Kullum kana kawo mini ƙararta. Ta yi ƙara, ta yi motsi, ta yi tabo, ta makara da minti ashirin..."

Bindiga ba ta makara, ni na sani, shi ma ya sani. Ya juya yana kallon itatuwa, ni ina kallon takalmina. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, har kunnuwana suka yi zafi a cikin sanyin nan. Ashe duk tambayoyin da nake yi a bakin ƙofa, tsohon da ke kujerar taga yana saurare, kamar yadda yake sauraron inji. A al'adarmu ba zai iya zaunar da ni a kan 'yarsa ba. Har ya koma ga Ubangiji ban san ko suɓutar baki ce ko shiri ne ba.

Da ƙyar na ce, "Baba, taimaka mini in cire."

Ya mayar da hannuwansa baya. "Wanda ya cusa shi zai cire."

Na ari filaya wurin mai kula da filin. Na tabbatar babu harsashi a bututu, na yi ta fama, gwangwanin ya yanke ni a babban yatsa kafin ya fito. Baba ya miƙo tafin hannu. Ya ce wannan ba bindiga ba ce, yana iya taɓawa, ya jefa a aljihu. Na mayar da gidan harsashi yana lilonsa, na harba biyar a jere, ko tari ba ta yi ba.

Muka shiga mota muka yi nisa. Can ya ce, "Sufeto, in lissafinka ya yarda, ka tsaya mu sha shayi." Na dube shi, bakinsa yana motsi yana danne dariya. Ranar ce ya fara yi mini wasa, kuma sunan ya bi ni har majami'a.

Ba zan ce na canja a rana ɗaya ba. Litinin matata ta makara da minti arba'in, na ƙirga su sarai. Tana shigowa tambayar ta zo har bakina. Baba ya yi gyaran murya daga kujerarsa. Na ce, "Sannu da zuwa. Akwai shinkafa, na ɗumama." Ta tsaya tana kallona kamar za ta auna mini zazzaɓi. Bayan kwana biyu na ba ta haƙuri a kan ɓoyon da na yi, da sauran abubuwan da ba su ƙirguwa. Ta saurara, ba ta ce ta yafe ba. Ta ce bindiga a kulle, harsashi a wani wuri dabam a kulle, kuma kada ta gan ta a falo. Har yau ba ta son ta, kuma tana da gaskiyarta.

Barewa dai ban taɓa kashewa ba. Sau ɗaya wata ta fito gabana, na tsaya ina kallonta har ta gaji ta wuce. Da na dawo hannu biyu, Baba ya ce, "Sufeto, ita ma wasa ka bar mata?" Matata tana kicin na ji ta yi dariya, 'yar kaɗan, amma na ji.

Shuɗin akwatin kuwa bai taɓa fitowa daga ɗakin Baba ba. Shekara huɗu, duk lokacin da na shiga share masa ɗaki sai na ga mariƙinsa yana leƙowa daga ƙarƙashin gado. Ban taɓa shi ba, ban tambaya ba. A raina na ɗauka tsohon ne yake zaune a kansa. Ranar Talata da na tarar da shi a kujera hannunsa ya yi sanyi, na yi kuka don Baba, amma ba zan ɓoye ba, har da tsoro a cikin kukan. Mai riƙe akwatin ya tafi.

Jiya da la'asar, da mutane suka ɗan ragu, matata ta ce in zo mu kintsa ɗakinsa. Ta ninke rigunansa, ta ajiye Littafinsa da tabarau a gefe. Sannan ta nuna ƙarƙashin gado ta ce, "Jawo wancan."

Na durƙusa na jawo shi, na tattara ƙarfi na ɗaga, sai ya taso sama kamar kwali, har na kusa faɗuwa. Wani abu ya yi kacal a ciki. Na buɗe. Babu ko ɗankwali, sai ɗan fallen gwangwanin madara a ninke.

Ta ce, "Ranar da kuka dawo daga fili Baba ya kira ni ya sa mini wannan a hannu. Ya ce, 'Da hannunsa ya cire. Ki ba shi lokaci zuwa Kirsimeti.' Kafin Kirsimetin na kwashe kayana daga akwatin na mayar ɗakinmu, kana wurin aiki."

Na ce, "To me ya sa aka bar akwatin a nan?"

"Baba ya ce a bar shi. Kullum in za ka shigo shara, shi yake jawo mariƙin waje da ƙafa."

Na tsaya riƙe da gwangwanin. Shekara huɗu tsohon nan yana yi mini wasa, ni Sufeto guda ban gano ba. Matata ta dubi fuskata, dariya ta kama ta, hawaye yana zuba, ta dafa gado ta sulale ta zauna a ƙasa. Matan zumunta suka leƙo a guje suna zaton suma ta yi.

Baba, Ubangiji ya ba ka hutu. Ka saurari kayan mutane har ƙarshe, yanzu kai ma ka huta, sai mun sadu a ƙafafun Yesu. Akwatin yana ɗakinmu a kan kabad, gwangwanin yana ciki a sake. Ban naɗe shi da komai ba.